Mai Gidan da Ya Hana Ni Haya a Peckham

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya iyali? Ya jikin Inna? Allah ya ƙara mata sauƙi.

Flat ɗin nan, wato gidan hayar da na nema a unguwar Peckham a nan ƙasar Turawa, dai ban samu ba. Mai gidan yana ganin fuskata ya ce an riga an bayar. Bayan awa ɗaya na tura Susan, Baturiyar da muke aikin jinya tare, sai ga shi yana miƙa mata makulli har da shayi.

Dalilin haka muka kafa ƙungiya a falon wani Alhaji ɗan Ghana. Duk gidan da aka tallata, baƙar fata ya fara zuwa, Bature ya biyo baya, mu rubuta amsar da kowa ya samu, mu kai kotu. So muke a daina duba launin fata kafin a ba mutum ɗaki ko aiki.

Da mutumina mai gidan nan za mu fara. Na san za ka ce in bar wa Allah, to wallahi ban yafe ba.

Ka gaida Inna da yara. Ku taya ni addu'a Allah ya ba mai gidan nan lafiya har ranar shari'a. Ina so ya ƙare wa fuskar nan tawa kallo.

Ƙanwarka,
Hadiza