Sunan Linval a Takardar Jana'iza

Anti Vernice, don Allah ki cece ni kafin Litinin, kaina ya kulle.

Ƙanena Linval ya yi shekara shida a gidan yari saboda wani faɗa da ya sari mutum da adda. Wata bakwai ke nan da aka sake shi bisa sharaɗi, saura shekara uku a kansa. Ni na tsaya masa, a gidana yake, ni na samo masa aikin gyaran raga a bakin teku. Sai aka haɗa shi da wata jami'ar sa ido, wai ita Miss Pusey, yarinyar da a haife na haife ta. Ba ya barin gundumarmu sai da izininta, ba giya, ba tsofaffin abokai. Ta zo da ɗan littafinta tana leƙa ɗakuna kamar ita ta gina gidan. Duk zuwanta sai na soya mata kifi da wainar rogo, ta ce wai ta ƙoshi. Girman kai ne kawai.

To kawunmu ya rasu a wata gunduma, Westmoreland, shi ya riƙe mu tun muna ƙanana. Kin san mazan dangi ke haƙa kabari, kuma ba a sa shebur sai an zuba wa ƙasa farar giya an kurɓa. Linval ya ɗauko waya zai kira Miss Pusey neman izini, na fizge. Wai sai mun roƙi 'yar cikinmu kafin mu binne kawunmu? Ya je, ya haƙa, ya ɗan kurɓa, ya ɗauki gawa, ya dawo bai taɓa ko kaza ba.

Ni na sa aka buga takardar tsarin jana'izar, shafi takwas da hotuna masu launi, ba a taɓa ganin irinta a ƙauyen ba. Da Miss Pusey ta zo ranar Laraba na miƙa mata ɗaya, don ta san ba daga sama muka faɗo ba. Na manta sunan Linval ne na farko a jerin masu ɗaukar gawa. Ta karanta, ta sa a jaka, ta ce ya same ta a ofis ranar Litinin.

Yanzu ko abinci ba ya ci. Na shirya in ce kuskuren masu bugawa ne, ranar yana kwance da zazzaɓi, maƙwabciyata ta yarda ta shaida. Tsoro nake ji, Anti. Wace ce ita da za ta mayar min da ƙane kurkuku?

Yaya mai ƙunar rai, Black River

*

'Yar'uwa, Allah ya ba ku haƙurin rashin kawu. Riƙon da kika yi wa Linval abin yabo ne, dangi da yawa gudu suke yi.

Kin tambayi wace ce ita. Ita ce wadda hukumar da ta sake shi ke karanta rahotonta, kuma ba a tambayar shekarunta kafin a karanta. Kifinki da ta ƙi ci, aikinta ne ya hana, ki daina ɓarnar mai.

Na yarda akwai ciwo a ce sai mutum ya nemi izinin binne nasa. Amma izinin jana'iza ba a cika hanawa ba. Mutum ɗaya ne ya yi hankali a gidanku ranar, shi kika ƙwace wa waya.

Maganar zazzaɓi kuwa, ki binne ta. Gari guda ya gan shi da akwatin gawa a kafaɗa, kowa da waya a hannu. Tafiya ba izini ana iya tsayawa a gargaɗi, ƙarya da shaidar zur ce ke rufe ƙofar sassauci.

Linval ya je da wuri ranar Litinin, ya faɗi komai da bakinsa, har kurɓar. Ya riƙe wasiƙar faston da ya yi jana'izar da ta mai gidan aikinsa. Ke kuma ki rubuta cewa ke kika hana kiran, ki sa hannu, sannan ki zauna a benci a waje ki kama bakinki. Ban yi miki alkawarin komai ba. Ki dai tuna in aka mayar da shi, shi zai yi shekara ukun, ke a gadonki za ki kwana.

Allah ya sa ta dube shi da idon rahama, ya dawo miki da shi gida.

Anti Vernice