Rasuwar Malam Labaran Mai Ƙamus a Bakin Ruwan Tiga

Cikin alhini da nauyin kunya, Ƙungiyar Samarin Manoma ta Yako take sanar da masu girma dagatai, limamai da jama'ar ƙasar Kiru da Bebeji cewa labari ya iso mana na rasuwar babanmu, Malam Labaran Ɗahiru, tsohon malamin yaƙi da jahilci, ranar Laraba, a bayan motar da ta ɗauke shi zuwa Kano, kansa a fashe.

Shekara tara marigayi yana bin kasuwanni a kan keke, yana tattara kalmomi domin ƙamus. Ƙa'idarsa, ba ya rubuta kalma sai ya ji ta a baki uku, zagi kuwa sai ya tambayi waɗanda ake zagi da shi. Mun sha ƙirƙiro masa na bogi don mu yi dariya, ya kama mu ɗaya bayan ɗaya, har da murɗe kunne.

Bana aka fara ce wa bayin Allah da ruwan Tiga ya tasa "ci-kaka", wai suna cin kifin da ke kiwo a kan kaburburan kakanninsu. Malam ya je bakin ruwa ya tambayi masunta, wato waɗanda aka tasa ɗin, da ladabinsa, ko sun san kalmar. Bai rufe baki ba filafilin tuƙa kwalekwale ya sauka a ƙeyarsa, gora ta karya masa haƙarƙari. Samarinmu suka ji, suka fita da gatura da lauje, aka yayyaga komayen kamun kifi, aka ƙone bukkoki shida, aka sare wa wani yatsu uku. Malam kuwa yana kwance cikin jini, ba wanda ya waiwaye shi sai bayan la'asar.

Ni mai sa hannu, daga bakina kalmar nan ta fara fita, a wurin ɗaurin aure, don a yi shewa. Na faɗa wa dagaci, yanzu na faɗa wa duniya.

Muna roƙon Allah Ya jiƙan Malam, Ya bai wa mai ɗakinsa, Inna Asabe, da 'ya'yansa juriyar wannan rashi. Muna kuma durƙusa wa malamai masu haɗa ƙamus: littafinsa zai zo hannunku, kalmar tana ciki, bai yanke mata hukunci ba. Don Allah ku tsallake ta. In ta shiga ƙamus, jikokin masunta za su karanta ta a makaranta, gefen jikokinmu.

Mamman Habu Yako,
Kakakin Ƙungiya,
12 ga Maris, 1976.