Kwana Goma Sha Biyu a Bokiti

Savai'i, 3 ga Agusta, 1987

Ƙawata Vaosa,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da yara da marowacin mijin nan naki. Ya kasuwa? Ya teburina?

Bayan haka, yau wata huɗu cif da na sauka daga jirgin ruwa da kayan sati biyu. Kina kusa da ni ranar da yayana Peniamina ya bugo waya daga Auckland yana cewa, "Riƙe mana Tsohuwa sati biyu kacal, kafin in samu hutu." To, da alama sati biyun Auckland da na Samoa ba tsawonsu ɗaya ba.

Tsohuwa na nan, ɓarin dama ya shanye. Ni ke juya ta, ni ke yi mata wanka, ni ke ba ta abinci a baki. Magana sai ɗaya-ɗaya, da ƙyar. Amma idon nan yana nan yadda kika san shi. Idan ta kafe ni da shi sai in ji kamar na ci kwakwar coci.

Kin san gidajenmu na ƙauye, ginshiƙai ne da rufi, ba bango. Ko susa na yi sai an ba da labari a bakin rijiya. Ƙarfe shida a busa ƙaho, samari masu fararen riguna su jeru a kan titi, kowa ya daskare inda yake har a gama addu'a. Ni Fuatino, da na yi shekara goma sha tara ina fasa kunnen Apia da tallan gwaza, yanzu sai in yini ban ɗaga murya ba. Motar safe tana wucewa ta ƙofar gida. Direban har ya daina yi min ham.

Za ki ce in hau ta mana. Ai kin san ba ya yiwuwa. Macen da ta bar uwarta kwance ta tafi da ƙafarta, har jikokinta sai an yi musu gori. Amma wadda aka kora fa? Wannan ba laifinta ba ne, hukunci ne. Dole Peni ya turo matarsa, ko ya zo ya ɗauki uwarsa.

Kin tuna lemun cittar Tsohuwa? Irin tsamin da take haɗa shi da shi yana nan da rai a tsohuwar kwalbarsa. Kullum da safe sai na ba shi cokali ɗaya na gurzajjiyar citta, ɗaya na sukari, tana kallona daga tabarma. Shekara talatin ana shan lemun nan a tarukan coci, ko Fasto bai taɓa shinshina kofinsa ba, don kwana biyu kawai take barinsa ya ɗan yi kumfa. To, na tuna Talosaga, wanda aka kama da giyar gida muna yara. Dattawa sun zauna da safe, kafin rana ta take an sa shi a mota da akwatinsa. Ni kuwa akwatina ko kwance shi ban yi ba.

Ki aiko min da sukari buhu guda da yis ƙulli biyu ta hannun direba. Idan ya tambaya, burodi zan yi.

Ki gaishe min da kowa a layinmu, ban da mai kabejin nan.

Taki har kullum,
Fuatino

Auckland, 10 ga Agusta, 1987

Zuwa ga ƙanwata Fuatino,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu, wanda ba ya ɗora wa bawa abin da ya fi ƙarfinsa. Ina fatan Mahaifiya tana samun sauƙi, ke ma kina cikin ƙoshin lafiya.

Na karanta wasiƙunki uku, kuma na yi baƙin ciki da wasu kalmomin da ke ciki. Ba a ce wa babban wa "shugaban masu alkawari." Hutun da na nema bai samu ba, saboda masana'anta ta ƙara mana aiki. Matata kuma likita ya hana ta doguwar tafiya a kan ruwa. Muna sa ran Kirsimeti, in Allah ya yarda.

Ki tuna hidimar iyaye albarka ce, kuma ke Allah ya zaɓa, tunda ba ki da ƙananan yara. Tebur a kasuwa katako ne. Uwa guda ce.

Na ji daɗi da Fasto ya rubuto cewa kina kula da irin cittar Mahaifiya. Wannan ya nuna zuciyarki ta fara kwanciya a gida. Na aiko da bargo da man zafi.

Ki riƙe sunan gidanmu da kyau a gaban dattawa.

Yayanki cikin addu'a,
Peniamina

Apia, 11 ga Agusta, 1987

Tino,

Muna lafiya, ina gaida Tsohuwa. Ga sukari, ga yis. Burodi wai! Ke da ko ruwan zafi sai kin ƙona.

Ba na son doguwar magana. Mai kula da tebura ya zo jiya. Ya ce ya yi haƙuri iya haƙuri, mutum takwas ke jiran wurin nan na bakin ƙofa. In ba ki tsaya a bayansa da ƙafarki ba ranar ɗaya ga Satumba, zai ba wani. Na ce kina jinya, ya ce shi ma uwarsa ba ƙarfe ba ce. Mai kabeji har ta fara auna faɗin teburin da tafin hannu.

Ni dai abin nan da kike shiryawa bai kwanta min ba. Kin daɗe a birni, kin manta mutanen ƙauye ba kwastomomi ba ne. Amma yaushe kika taɓa jin maganata?

Sai kin zo.
Vaosa

Savai'i, 28 ga Agusta, 1987

Vaosa ƙawar arziki,

Ina gaisuwa, ina kuma godiya. Share min tebur, ki ce wa mai kabeji ta mayar da tafin hannunta aljihu.

Bari in ba ki labari tiryan-tiryan. Na tace irin a ƙyalle kamar yadda aka saba. Na tafasa ruwa da ɗanyar citta mai yawa, na bari ya huce, na matse lemun tsami. Inda Tsohuwa ke zuba sukari gwangwani uku, ni na zuba bakwai, na bi shi da yis. Na rufe bokitin da zani na ajiye a gindin ginshiƙi, ƙiri-ƙiri, inda duk mai wucewa zai gani. Vaosa, kin san irin wahalar da ke cikin aikata laifi a garin da kowa ya yarda da ke? Bokiti yana ta ɓuɓɓuga kamar mai ciwon ciki, mutane na wucewa suna cewa, "Sannu da ƙoƙari, 'yar albarka."

Kwana na shida Tsohuwa ta ɗaga hanci ta ce, "Ya wuce." Na yi kamar da kaza take. Da ya cika kwana goma sha biyu na ɗura a kwalabe da ɗan sukari. Kullum sai na sassauta marafan na saki iska, duk da haka biyu sun fashe, ɗaya ta kusa cire wa karen maƙwabta kunne. Na ɗanɗana rabin kofi, sai na ji ina ƙaunar kowa, har da Peni.

Jiya matan kwamitin tsafta na gari suka zo duba gidaje irin na kowane wata, su goma sha ɗaya cikin anko, matar Fasto a gaba. Suka ƙirga zannuwan gado, suka ɗaga tabarmi, suka leƙa bayan gida. Rana ta yi zafi. Na ce, "Iyayena, ku zauna ku jiƙa maƙoshi." Na ƙara sukari da lemun tsami a jug don ya rufe ɗacin.

Matar Fasto ta kurɓa ta ce, "Kai, wannan ya fi na uwarki yaji."

Na ce, "Cittar bana ce, Mama, ƙasa ta yi kyau."

"Ƙaro min."

A kofi na uku ma'ajin kwamiti ta fara waƙar makarantarsu ta 'yan mata. A na huɗu Leafa, wadda ta shekara tana dogara sanda, ta jefar da sandar ta shiga fili. Matar Fasto ta rungume ni tana kuka, wai tun ranar aurenta take son ta gaya wa wani cewa wa'azin mijinta ya cika tsawo. Daga nan ta je ta miƙe a kan kabarin Baba da ke ƙofar gida, ta ce simintin akwai sanyi, ta hau minshari. Aka busa ƙahon addu'a suna tsakiyar rawa. Samarin nan masu fararen riguna suka tsaya baki buɗe, ba wanda ya san yadda ake kama uwarsa.

An aiko min, dattawa za su zauna ranar Litinin, talatin da ɗaya ga wata. Motar rana tana haɗuwa da jirgin ruwa na ƙarfe biyu. Ki dafa min ayaba da madarar kwakwa, ki ajiye min gefen gado.

Taki mai dawowa,
Fuatino

Savai'i, 2 ga Satumba, 1987

Yaya Peniamina,

Ina gaishe ka da matarka mai tsoron ruwa. Na san Fasto ya riga ni, amma gara ka ji daga bakin mai laifi.

Ni na haɗa, da gangan, don a kore ni. Ka ajiye wa'azin tukuna, ka ji sauran.

Ranar Litinin aka zaunar da ni a kan duwatsu a gaban zauren taro, rana na dukana, dattawa na ciki kowa a gindin ginshiƙinsa. Na sunkuyar da kai, na saki fuska irin ta mai nadama. Akwatina yana gida a bakin hanya. Mai magana da yawun dattawa ya jero laifin tun daga zubar da mutuncin iyayen gari har zuwa karya lokacin addu'a. Ina ji an fara ambaton mota.

Sai kawai na ga kawuna sun juya. Maza huɗu na maƙwabta ne ɗauke da Tsohuwa a kan tabarma. Ashe tun da na fita take buga kwano da hannun hagu har suka zo. Ta sa an saka mata farar rigarta ta coci, maɓallan ma a karkace. Aka ajiye ta a bakin zaure, inda Baba ke zama da, lokacin yana cikin dattawa.

Yaya, wata biyar ban ji ta haɗa kalma uku a jere ba. Ranar sai da ta haɗa. Ta ce, "Ni ce. Hannuna ya zame a sukari."

Kowa ya san hannun nan ko cokali ba ya riƙewa. Na ɗago zan yi magana, ta juyo min da idon nan. To, ka gaya min, in miƙe a gaban gari in ce uwata maƙaryaciya ce? Su ma dattawan ba mai iya faɗa wa matar Baba haka.  Can mai magana ya yi gyaran murya ya ce lallai sukari abu ne mai zamewa, shi ma ya taɓa zame masa a shayi.

Ga hukunci. Alade biyu da kifin gwangwani na ban haƙuri ga kwamiti, wannan naka ne, ka aiko. Sannan tunda hannun Tsohuwa ya fara zamewa, an ɗora wa 'yarta Fuatino amanar tsaronta dare da rana, kada ta bar gefenta muddin tana raye. In na taka motar nan, gidanmu gaba ɗaya ya fita daga garin, da ita da filin da kabarin. Har yaba min aka yi, wai 'ya ta gari.

Da muka koma gida na cire mata rigar, na zauna a gabanta. Na ce, "Tsohuwa, ceto na kika yi ko ɗaure ni?"

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta ce, "Juya ni. Gefen nan ya gaji."

Na juya ta.

Ba sai ka wahalar da kanka da maganar Kirsimeti ba. Yanzu ko ka zo ba abin da zai canja.

Ƙanwarka,
Fuatino

Savai'i, 4 ga Satumba, 1987

Vaosa,

Ina gaisuwa. Na san kin dafa ayabar, ki yafe min.

In mai kabeji ce ta samu, ki gaya mata ƙafar hagu ta teburin tana rawa, ta sa mata ɓawon kwakwa. Sikelina ki riƙe, na ba ki. Kar ki ce "ai na gaya miki," na ji shi tun daga nan.

Ki aiko da wani buhun sukari. Ban da yis tukuna. In na canja shawara zan rubuto.

Taki,
Tino