Lambun Kaka da Sadiyya ta yanka

Silver Spring, Maryland.

Zuwa ga yayata Uwani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ke da Malam da yara da duk mutanen Tudun Wada. Allah ya ƙara wa Inna sauƙin ƙafar nan, ya bar mana ita. Mu nan kalau muke, sai aikin asibiti da ba ya ƙarewa. Cikin Nusaiba ya tsufa, haihuwa yau ko gobe. Ƙafafu sun kumbura, tana ta mita kamar ita ta fara ciki a duniya. Ki sa mini ita a addu'a.

Yaya, na rubuto ne maimakon in kira, don in na buɗe baki a waya zagi ne zai fito. Maganar Lambun Kaka ce, zanen nan na Indiya da kakanmu Alhaji Maitama ya sayo wa Kaka a Jidda lokacin hajjinsa na farko. Kin san shi fiye da ni: bishiya guda daga ƙasa har sama, rassanta cike da jajayen furanni da shuɗin ganye, ɗawisu biyu a gindinta. A kansa aka kwantar da ke ranar sunanki, aka kwantar da ni, da Auwalu, da duk wanda ya fito daga gidan nan. Da zan haifi Nusaiba ke kika ninke shi da hannunki kika sa mini a akwati, kika ce kada 'yarmu ta tashi a baƙuwar ƙasa ba ta taɓa shi ba. Wata Ba'indiya da muke aiki tare ta taɓa ganinsa, ta daɗe tana shafawa. Ta ce a garinsu da alƙalamin gora ake zana irinsa, fure bayan fure, har a madara ake jiƙa audugar don kada launi ya malale.

Bayan ƙaramar Sallah Sadiyya 'yar Baffa ta zo ta ce in ara mata, za su rataya a bango ranar al'adu ta ƙungiyarmu a Upper Marlboro. Na ba ta, don ita ma a kansa aka raɗa mata suna. Taro ya wuce, na tambaya, ta ce yana wajen guga. Na sake tambaya, ta ce ta manta shi a mota. Sai ranar wani biki a Germantown, ina zaune da cokali a hannu, na ga Lambun Kaka ya shigo zaure yana tafiya da ƙafa. Doguwar riga ta ɗinka da shi, har da ɗankwali. Rassan sun rabu, rabi a ƙirji, rabi a hannu, ɗawisu ɗaya a mazaunanta. Mata na ta yi mata hoto, ita kuma tana juyi. Abincin da ban ƙara ci ba ke nan.

Na tare ta a bakin ƙofa. Ko kunya ba ta ji ba. Ta ce ai zane don sawa aka yi shi, wai yana ruɓewa a akwatina, ita ce ta fito da martabarsa. Ta ce in abin ya dame ni za ta yi mini odar sabo, irinsa na nan birjik a intanet. Wallahi Yaya na tsane ta a wannan lokacin, kuma har yanzu ban huce ba.

Washegari na je shagon Nanret, 'yar Jos ɗin nan mai ɗinki, don na gane hannunta a wuyan rigar. Ta ce Sadiyya ta gaya mata gwanjo ne. Allah ya sa ba ta zubar da ƙyallayen ba, ta miƙo mini su a leda: gindin bishiyar, ɗawisu ɗayan, da gefen nan da Kaka ta yi wa faci da baƙin zare. Na sa ta ɗinke su a kan farin yadi, kowane guntu a mazauninsa na asali. Inda Sadiyya ta yanke na ce a bar shi fari. Duk mai ido zai ga siffar hannun riga da wuya a tsakiyar lambun.

A kan wannan za a kwantar da jikana ranar suna. Na gayyaci duk matan da suka yi wa Sadiyya hoto, ita kuma na tanadar mata kujerar gaba. In an tambaye ni abin da ya sami zanen, sai in juya in dube ta.

Na san za ta kira ki tana kuka, za ta sa Baffa ya kira Inna. Ina roƙonki kada ki ba ni haƙuri a kan wannan, ban shirya karɓa ba. Kuma ga abin da ta manta: matar ɗanta Kamal na da ciki, kafin babbar Sallah za ta sauka. Jikanta na fari ne, kuma babu jaririn gidan Maitama a ƙasar nan da aka taɓa raɗa wa suna a kan wani zane. Za ta zo ƙofata neman aro, na rantse za ta zo. Ranar zan ba ta ruwa ta sha, in ce ai mafi yawan Lambun Kaka na wajenta, ta tuɓe rigarta ta shimfiɗa masa.

Ki gaishe mini da Inna, amma ki bi ta a hankali da labarin nan, ita ce ta fi kowa daɗewa da zanen. Ki gai da Malam, da Auwalu da iyalinsa. Nusaiba na gaishe ku. Ki gai da Baffa, ki ce masa 'yarsa ta yi kyau a rigar.

Taki ƙanwa har kullum,
Hasiya.