Fansa ko Ceto, Inna?

Zuwa ga Innata, a Farin Dutse ta ƙasar Gwaram,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi, daga 'yarki da ke Lakwaja, bakin babban kogi. Na san ba za ki ji wannan ba. Wani falke mai fataucin goro da ya biyo ta Birnin Kudu ya shaida mini kin rasu tun bara waccan. Amma ba ni da wanda zan kai wa maganar nan sai ke.

Ba zan ɓoye miki ba, Inna, ni Kirista ce yanzu. Bayan an yi ta sayar da ni hannu zuwa hannu, mutanen majami'a da suka karɓe ni daga hannun masu bayi su suka koya mini ɗan karatu. Na san da kin ji, tankaɗenki kawai za ki ci gaba da yi, yadda kike yi in ranki ya ɓaci.

Gardama ce ta tashi a majami'armu. Linjila biyu gare mu da Hausa. Ɗaya bugaggiya ce, ta zo a jirgi daga Saliyo. Ɗayar kuwa Malam Dauda, mai karanta mana ran Lahadi, shi ya rubuta da hannunsa, wai Hausar bugaggiyar ta yi tsami a hanya. A wurin da aka faɗi abin da Almasihu ya yi wa mutane, bugaggiyar ta ce fansa, ta Malam ta ce ceto. Baba Garba, dattijonmu, ya ce ceto na wanda ya faɗa kogi ne. Malam ya ce fansa maganar kasuwar bayi ce, Allah kuwa ba ya ciniki. An yanke kowa zai faɗi nasa ran Lahadi, har mu mata, sannan a tsai da wadda za a riƙa karantawa.

Tun da na ji haka na kasa zama wuri ɗaya. Jiya har tuwo ya kama ina tsaye a kansa.

Kin tuna ranar da mahara suka sauko daga duwatsu muna yankan dawa? A zangon farko da suka tsare mu, dangi sun yi ta zuwa. An fanshi Hajo 'yar maƙeri, ubanta ya jawo saniya. An fanshi wasu. Duk macen da ta ɓullo daga nesa da baƙin zane sai in miƙe, in ce ke ce. Ina cikin miƙewar nan aka kora mu kudu.

Ba zarginki nake yi ba. Na san abin da ke rumbunmu a shekarar. Kin sha cewa, "Abin da hannu bai kai ba, ba a zagin kafaɗa." Na tambayi falken ko kin fito nemana, ya ce bai sani ba, ya dai ji ana kiranki uwar wadda aka ɗauke.

Ceto ba ya yi mini ciwo. An cece ni, ina ci ina sha. Sai dai ceto ko mai wucewa ya iya yinsa. Fansa kuwa sai naka, wanda ya san sunanka, ya bi sawunka, ya kwance abin da ya mallaka. In Malam ya karanta ceto nakan ji sanyi, amma kamar da wata ake. In an ce fansa, ƙirjina ya ɗau zafi, in ji kamar yau ne wani ya iso zangon nan yana tambayata.

Ran Lahadi zan tashi in ce a tsai da fansa. Malam Dauda ba zai ji daɗi ba, ga shi shi ya koya mini baƙaƙe. Ba zan iya faɗa musu dalili ba, ke kaɗai na faɗa wa.

Allah ya jiƙanki, Innata, ya sanyaya makwancinki. In kin taso kin bi sawuna kin rasa, Allah ya biya ki wahalar hanya. In kuma ba ki samu tasowa ba, na yafe miki duniya da lahira. Ke ma ki yafe mini da na tambaya.

Taki,
Delu, wadda a nan suke kira Saratu