'Yar Datti Mai Inji

Zuwa ga Mudassiru, sanyin idanuna, inuwar darbejiya a tsakar rana, ruwan kanal ranar da layi ya zo kan gonar talaka,

Assalamu alaikum. Ka ga na fara da kirari kamar yadda masoya ke yi, kuma ko ɗaya ban yi ƙarya ba. Kai kaɗai ne mutumin da ya taɓa yi mini bayanin takin zamani na minti arba'in ban duba agogo ba. In wannan ba so ba ne, to mene ne sunansa?

Amma ba kirari ya sa na ɗauki biro ba. Jiya ƙanwarka Rauda ta kira ni tana ta murna. Ta ce Abbanku ya tsayar da Asabar kawunnanka su zo Kura neman aurena, kuma ya ce hankalinsa kwance yake tunda 'yar mai inji ce. "Anti, ashe masu kamfani ne ku, kike ta yi mana basaja!" Na yi dariya a waya. Da na kashe, dariyar ta ƙi ci gaba.

Ka tuna ranar da ka fara zuwa garinmu? Ka ce wa mai a-daidaita ya kai ka gidan su Khaulat, ya ce bai san shi ba. Na ce maka a waya, ce masa gidan Datti mai inji. Nan take ya ce hau. Ka iso cikin farar shadda, kana tsallake shinkafar da aka shanya a ƙofar gida kamar mai tsoron taka sallaya. Ka dubi katangarmu ta ƙasa, ka ɗauka irin sauƙin kan nan ne na masu kuɗin ƙauye, ka ce, "Ashe Baba babban mutum ne." Na ce ƙwarai. Gaskiya na faɗa, amma na san ba ita ka ji ba. Na ce a raina wata rana na gyara. Wata takwas ke nan ina kallon murmushinka ina ɗage ranar.

To ga gyaran. A nan in an ce mai inji, ba lalle mamallaki ake nufi ba. Mamallakin injin casar shinkafar nan Alhaji Baballe ne, yana Kano, sau biyu yake leƙowa a wata. Mai inji shi ne wanda ke tayar da shi da safe, ya san tarinsa da fushinsa, ya fito da yamma fari fat da dusa har gashin ido. Babana ke nan, shekara talatin da ɗaya. Ko ƙusa guda a jikin injin nan ba tasa ba ce.

Tunda za a yi bincike, bari in sauƙaƙa wa kawunnanka. Kakana Hamma, mahaifin Baba, daga wani ƙauye bayan Bunkure ya zo, lokacin da ake haƙa kanal. Lebura ne, da diga da shebur. Ya haƙa hanyar ruwan da ta ratsa gonakin mutane da yawa, shi kuwa ya rasu bai mallaki ko fegi ɗaya ba. Yakan ce ruwan ya san shi, ƙasar ce ba su gaisa ba. Matarsa Tambaya ta fara gumi da rabin ganga: a jiƙa shanshera, wato shinkafa mai ɓawo, a turara, a shanya, a kai inji. Da ta rasu ta bar wa Innata Sa'a gangar, da sana'ar, da tarin da hayaƙi ke sawa. Yanzu ganguna huɗu ne a tsakar gidanmu. Ka san gumi sunan abu biyu ne, shinkafa da zufa. A gidanmu ba ma wahalar rarrabe su, kuma digirin da ka gan ni da shi daga cikinsu aka kwaso shi.

Babana kuwa, bel ɗin injin ya cinye masa yatsu biyu shekarar da aka haife ni, ya koma aiki bayan sati uku. Da haƙori yake gane shinkafar da ta bushe. Ya ciji ƙwaya ɗaya, ya ture buhu ya ce, "Hajiya, koma ki ƙara mata rana. Ba zan zuba ta kakkarye ki tafi kina zagina ba." Mata su yi ta mita, gobe kuma layinsa ya fi na kowa tsawo. Wannan ita ce dukiyar. Na duba ko'ina, babu wata.

Ba kunyarsa nake ji ba, Mudassiru. Kunyar shiruna nake ji. Na yi karatu har na iya warware ma'anar kalma a gaban malamai, amma kalma biyu ta garinmu na bari ta yi mini ado da abin da ba nawa ba, don kawai ina tsoron rasa ka. Haba zuciyata! Ina wayon da ake cewa ina da shi? Ni da na iya yi wa komai dariya, ga abu ɗaya ya gagare ni. In na tuna muryarka sai in ji kamar fadamar da aka sako wa ruwa bayan kwana goma, in na tuna Asabar kuma sai ruwan ya ɗauke.

Roƙona ɗaya ne, hasken idona. Ka faɗa wa Abba da bakinka, kafin kowa ya shiga mota. Kada ka tausasa, kada ka ce manaja ne ko mai kula da wurin. Ka ce lebura ne, ɗan lebura. Ba zan iya jurewa a zauna a zaurenmu wani kawunka ya tambaye shi, cikin fara'a, "Alhaji, inji nawa ne yanzu?" ba. Babana ba zai yi fushi ba. Zai ba su amsa dalla-dalla, ya raka su har mota, wannan ne kuma ba na son gani. In Abba zai sauya shawara, ya sauya ta a Kano, ba a kan tabarmarmu ba.

Ina jiran amsarka kafin Alhamis, kuma ga dalili. Ban da ranakun Sallah da na makoki da sati ukun jinyar yatsunsa, Baba bai taɓa barin injin nan ba. Yau da safe ya kira Alhaji Baballe ya nemi hutun Asabar, ya ce zai yi manyan baƙi. Har ya kai hularsa wanki. Ka gaya mini ko in bar shi ya zauna, ko in ce masa ya tafi aiki.

Ko wacce ka zaɓa, ba zan iya janye son ba. Na gwada jiya, ya ƙi.

Taka har abada, ko da sa hannun kawunnai ko babu,

Khaulat Datti
Kura