Sunan da Saikal Ba Ta Iya Faɗa

Colpon-Ata, 18 ga Nuwamba

Ɗana Kubat,

Bayan gaisuwa, ina fatan kai da iyalinka kuna lafiya. Mu nan sai sanyi.

Baƙi sun watse. Masu iyo da masu gasa nama sun koma inda suka fito, sun bar mana kwalabe. Tafkin Isik-Kul ya dawo hannun masu shi: ni, da maƙwabcina tsoho Wasili, da agwagi.

Shekaranjiya muka tura jirginmu Burul cikin ruwa. Tun rasuwar mahaifiyarka, wadda na sa wa jirgin nan sunanta, ba wanda ya hau shi daga gidanmu sai ni. Ka san halin jirgin katako. In ya daɗe a tudu sai ya bushe, tsakanin katakai ya buɗe, dole ya sha ruwa kafin ya kumbura ya toshe kansa. Yau ya daina yoyo.

Wasili yana turawa yana nishi, ya ce, "Sagindik, shekara biyar kana karatun ruwa a Leningrad, ba su koya maka yadda jirgi zai tura kansa ba?" Na ce abin da suka koya mini ko kifi ba ya soyawa. Ofishin da na yi shekara talatin ina auna zurfin tafkin nan, yanzu gidan wanka ne.

Bara ka ce aiki. Bara waccan ka ce mota. Bana ka zo kafin tsakiyar Disamba, kafin iskar yamma ta fara haukanta. Sau ɗaya zan fita da kai, in nuna maka riƙon sandar tuƙi. Ba roƙonka nake yi ba.

Mahaifinka,
Sagindik

Bishkek, 26 ga Nuwamba

Baba,

Ina durƙusawa ina gaishe ku. Allah ya ƙara muku lafiya.

Ɗanku ya karanta wasiƙarku sau biyu, ya ninke, ya ce in amsa in ce aiki ya yi yawa. Na ce, "Ni ba zan yi wa Baba ƙarya ba, rubuta abinka." Ya ce, "To malama, rubuta gaskiyar mu gani."

Ga ta, ku yi haƙuri da ni. Tsoro yake ji. Ya ce yana ɗan shekara goma sha ɗaya iska ta same ku a tsakiyar tafki, ya saki igiya yana kuka, kuka ce masa a gaban Inna, "Wannan ba jinina ba ne." Har yau in zai haye gada ba ya kallon ƙasa.

Ni 'yar tsaunukan Narin ce, ban taɓa hawan abin da ba shi da ƙafa huɗu ko taya ba. Amma in za ku karɓi suruka, zan zo in hau jirgin mai sunan Inna. Kun san bakina ba zai iya kama sunan ba.

Surukarku,
Saikal

Colpon-Ata, 3 ga Disamba

'Yata Saikal,

Na amsa gaisuwarki.

Ban tuna na faɗi haka ba. Amma ya yi kama da ni.

Tunda kin faɗi taki gaskiyar, ga tawa. Idona yana tafiya. Dusar ƙanƙarar da ke kan duwatsun ƙetare, bana ban gan ta ba, Wasili ne ya ce mini ta sauka. Likita ya ce zuwa bazara ko hannuna sai na laluba. In ba wanda ya koyi jirgin nan bana, zan sa a faskare shi, gidan wankan can su ɗumama ruwa da shi.

Sai dai akwai abin da ba ki sani ba. Lokacin sanyi mai gadin bakin ruwa ba ya barin jirgi ya fita sai mai tuƙi ya faɗi sunan jirgin da bakinsa. In an shiga haɗari kuma, sunan ake kira a rediyo don a zo ceto. Suruka ta gari ba ta kiran sunan uwar mijinta, na sani. Ruwa kuwa bai san wannan ba.

In za ki zo, ki zo Asabar. Ki sa safa biyu.

Sagindik

Colpon-Ata, 10 ga Disamba

Kubat,

Ina gaisuwa. Matarka ta hau motar Bishkek ɗazu, hancinta ja, hannunta duk ya yi kanta.

A bakin ruwa mai gadi ya ce mata, "Sunan jirgi?" Ta sunkuyar da kai. Ya ce, "Yaya, ba ki iya karatu ba ne? Ga shi nan a rubuce a jikin jirgin." Ta ce, "Inna." Ya ce, "Innar wa? Kowa ma yana da inna." Ni na faɗa masa sunan, ya bar mu muka wuce don yana jin kunyar furfurata.

Iska ta cika filafilin, wato zanen da ke jan jirgin, jirgi ya karkata, ta yi salati ta riƙe sandar kamar linzami. Na ce ta sassauta. Ta ce, "Baba, wannan dokin ba ya jin magana." Na buɗe baki zan yi mata tsawa, sai na tuna wasiƙarta, na rufe. Cikin awa guda ta fi Wasili, ko da yake wannan ba wani yabo ba ne. Ita ta ga duwatsun da ke gaban matsayar jirage. Ni ban gan su ba.

Muna dawowa na tambaye ta, da na faɗi a ruwa, me za ta ce a rediyo? Ta ce, "Da na yi ta ihu har su gane."

Jiya na ɗauki wuƙa na kankare sunan mahaifiyarka daga jikin jirgin. Shekara arba'in da ɗaya yana nan. Na gaji ƙwarai kafin in gama. Na rubuta Inna da fenti a wurin, mai gadi ya gyara takardarsa. Wasili ya ce haruffan sun karkace kamar sawun kaza cikin taɓo.

Game da abin da na ce maka ranar da ka saki igiya, igiyar ta fi ƙarfin yaro. Na san haka tun a lokacin.

Ranar Lahadi za mu ja shi tudu.

Mahaifinka

Bishkek, 13 ga Disamba

Baba,

Ina gaishe ku.

Kada ku ja shi tukuna. Muna tafe Asabar. Ba zan hau ba, kada ku tambaye ni. Zan riƙe muku igiya daga tudu.

Ku ajiye sauran fentin, ni zan miƙe haruffan.

Ɗanku,
Kubat